Ranar da na yi wa Baba likitanci

Watan Afrilu ne, wanda ya san Sakkwato ya san mi nika nufi, zafi ya haura digiri 40, ko da dare ka taɓa bango sai ka ji shi da ɗumi. Baba ya kama mura ga ciki na murɗa mai, ni kuwa don na ɗan zauna kemis ɗin wani abokina sai na ɗauka na zama likita. Na sawo piriton na haɗa da Buscopan. Na manta shaf shina shan amitriptyline kullum dare saboda zugin ƙafa na ciwon suga.

Kwana na ukku Inna ta aiko a kira ni. Na iske shi zaune bisa tabarma shina ta tsintar wani abu a jikin zanen gado, babu komi wurin fa, shina kirana da sunan ƙanenshi da ya rasu tun ina firamare. Leɓe ya bushe ƙamas, jiki zafi rau amma ko ɗigon zufa babu, mu kuwa duk mun jiƙe sharkaf. Tun jiya bai yi fitsari ba, mara ta yi tam. Inna har ta fara cewa ko iska ce a kira malam.

A asibiti sai da anka sa mai roba kafin fitsarin ya zubo. Likita ta ce in kawo duk abin da ya sha, na zazzage leda bisa tebur, ta jera ukkun ta ce "Malam, wa ya haɗa mai waɗannan?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage.

Ta ce duk ukkun aikinsu guda ta wani gefen, suna tare hanyar wani sinadari acetylcholine, shi ke sa miyau da zufa su fito, hanji ya motsa, mafitsara ta matse, har da tunani shina da hannu ciki. Su likitoci anticholinergic suke ce masu. Yaro zai sha ya ji bushewar baki kawai, amma tsoho irin Baba mai kumburin furostet (wata 'yar tsoka ƙasan mafitsarar maza, in ta kumbura takan tare fitsari) ga wannan zafin, kun tara mai ukku? Ashe zaƙami da samari ke sha su yi ta sambatu ma dangin abin ne, akwai atropine da hyoscine cikinshi.

Ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo daidai. Yanzu ko mura ce da ledar nika zuwa asibiti, Baba kuma har yau in na shigo gaisuwa sai ya ce "a'a, likita bokan Turai, yau mi ka kawo muna?"