Kuskuren ɗalibai ne jarina

Shago biyu na kama a Tudun Wada, nan Gusau, na fasa bangon da ke tsakaninsu, na zuba benci takwas da farin allo. Sana'ar ke nan, koyar da nahawun Turanci ga ɗaliban manyan makarantu. Yawancinsu daga Jami'ar Tarayya ta Gusau suke, wadda aka kafa a 2013, sai 'yan mata da matan aure na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin nan. Ɗayan abu biyu ke kawo su: ko GST 111, darasin Turancin da ba ɗan aji ɗayan da ke tsallake shi, ko furojet na ajin ƙarshe da malami ya yi wa wanka da jan biro ya maido.

Da na fara, yadda aka koya mini haka nake koyarwa. In rubuta ƙa'ida a allo, in jero rukunan kalma takwas da lokutan aikatau, wato kalmar aiki, goma sha biyu, su kwafa su haddace. To mu da muka tashi da allo a hannu, hadda ai ba ta ba mu tsoro. Yaro zai miƙe ya kawo maka ƙa'idar tiryan-tiryan kamar tilawa, ka ce ya rubuta wa shugaban sashensu takardar neman uzuri, sai ka ga "I have seen the doctor yesterday". Na zaci kayan aiki ne ba ni da su. Na sayi furojekta ta hannu, na haɗa sola, na buɗe zaure a WhatsApp ina tura sauti da tambayoyi, gwajin mako kuma a Google Forms. Ɗalibai sun ƙaru, ba na musu, don mutanenmu na son ganin abu na haske a bango. Rubutunsu dai yana nan jiya i yau.

Sai ga Satumbar 2021, aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Ba kira, ba intanet, zauren WhatsApp ya yi tsit. Na rasa abin yi da mutanen da suka riga suka biya kuɗin wata, sai na ce kowa ya zo da rabin shafi kullum, da hannunsa, kan abin da ya yi jiya. Da dare in zauna da fitila ina dubawa, duk kuskuren da na gani fiye da sau uku in kwafe shi a wani littafi mai baƙin bango. Kafin layi ya dawo na cika shafuka da dama, kuma na ga abin da shekaru ban lura da shi ba: kurakuran nan ba na sakarci ba ne, Hausa ce kwance a ƙarƙashinsu.

Mai rubuta "I am having two brothers" yana fassara "ina da" ne, ya ji "ina" ya ɗauka aikin ci gaba ne kamar "ina tafiya". Mai cewa "borrow me your pen" bai yi laifi a Hausa ba, tunda da kalmar aro muke karɓa, da ita muke bayarwa. Muna shan magani, muna jin wari, sai su kwashe shan da jin su kai Turanci. Babbar matsalar kuwa aikatau ce. A wurinmu lokaci yana jikin ɗan wakilin da ke gaba: ya ci, zai ci, yakan ci, yana ci, kalmar ci tana zaune abinta. Bature kuma aikatau ɗin yake murɗawa, eat ta koma ate, ta koma eaten, ga wata 'yar s da ake liƙa mata in mutum ɗaya ake magana a kai. Kunnen Bahaushe a gaban kalma yake jiran labari, shi ya sa wutsiyar ke sulale masa.

Yanzu ba na fara darasi da ƙa'ida. Jimla biyar nake ɗebowa daga littafin nan in rubuta a allo ba tare da sunan mai ita ba, in ce su maida kowace Hausa. Da zarar sun maida, dariya ke ɓarkewa, don kowa ya ga inda ƙafarsa ta zame. Daga nan su gyara bibbiyu, su faɗi ƙa'idar da bakinsu, ni in ɗaure ta a ƙarshe. Waɗanda suka yi nahawun Larabci a Islamiyya ko zaure sun fi sauƙi. Wata Hajiya, uwar 'ya'ya huɗu, ta yi mako biyu tana fama da jimlar da ake ɓoye mai aiki, kullum "they have stolen my phone" take rubutawa, wato an sace mini waya. Na ce, "Hajiya, kin tuna na'ibul fa'ili?" Ta ajiye biro ta dube ni. "Malam, dama shi ne kuke ta wahalar da mu a kansa?" Ba ta sake faɗuwa a wurin ba.

Wasu abokan sana'a suna ganin shigo da Hausa ajin Turanci ragwanci ne. Ni dai minti goma na farko nake ba ta, sauran awa ɗaya da rabi Turanci ne zalla, magana da rubutu.

Wayar ma ban yar da ita ba, matsayinta na sauya. Sauti nake turawa na minti biyu, don data ta yi tsada kuma bidiyo na cinye ta. Su kuma su ɗauki muryarsu suna ba da labarin jiya, su saurara da kansu su ƙirga wurin da suka haɗiye ƙarshen aikatau. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a ƙarshen 2022 kuwa, aikin gida ya fara zuwa mini sumul, ba ko tabo, daga yaron da na san bai raba has da have ba. Ban hana ba. Sharaɗina shi ne ka fara rubutawa a gabana, ka ba na'ura ta gyara, sannan ka zo ka bayyana mini dalilin kowane gyara. Wanda ya kasa, da sauransa.

Ta fuskar kuɗi, kasuwarmu da kalandar jami'a take tafiya. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya kusa sa ni maida shago ɗaya ga mai shi, masu shirin JAMB da WAEC ne suka riƙe ni. Da fetur ya tashi a 2023 na jingine janareto gaba ɗaya, ajin dare ya koma bayan la'asar. Mako uku kafin jarabawa kuwa benci ba ya isa, har tabarma nake shimfiɗawa, kowa na son a ɗura masa nahawun shekara a kwana ashirin. Ina karɓarsu, haya ba ta jira, amma nakan faɗa musu gaskiya tun a bakin ƙofa.

Littafin mai baƙin bango yanzu na huɗu nake ciki. Shekaranjiya wani ɗan aji biyu ya ba ni sabuwa, ya rubuta cewa motarsu "she refused to start". Na kwafe ta, ita za mu fara da ita ranar Asabar.