Ƙannena, kada ku goge sulallan Rumawa

Duk wanda ya fara tara tsofaffin sulallan tagulla na daular Rum, burinsa ya ga suna ƙyalli. Haka ta sa na jiƙa wani ɗan kwabo na zamanin sarki Konstantin a ruwan lemon tsami, na bi shi da toka ina dirza. Ya fito ja wur, amma fuskar sarkin duk ta zama ramuka, sojoji biyu masu riƙe da mashi a bayan kwabon suka shafe, rubutun GLORIA EXERCITVS ya tafi. Koren ɓawon da na ɗauka datti ne, ashe shi ne fatar kwabon. Fiye da shekara 1,600 ya yi yana kwanciya, kuma sau da yawa a jikinsa zanen yake zaune. Masu saye ma shi suke fara dubawa. In ƙasa ce ta manne, tataccen ruwa da tsinken sakace sun isa, sai haƙuri na makonni.

Koren da ake tsoro daban yake: mai haske ne, gari-gari, yana zuba in an taɓa. Gishirin da ya shiga ƙarfen ne ke haɗuwa da danshi yana cin sa. Ku ware irin wannan kwabon, ku sa shi a busasshen wuri, balle da damina.

Lokacin da za ku ɓata wajen guga, ku ba wa karatun haruffa. A ƙasan bayan ƙananan sulallan ƙarni na 4 ake rubuta garin da aka buga su: ALE Iskandariya ce ta Masar, SIS Siskiya ce da ke Kuroshiya a yau, TR kuma Tiriya ta Jamus. Manyan na farkon daula suna ɗauke da SC, wato da izinin majalisar dattawa. Sulallan da ake kira dufondiyus da as kusan girmansu ɗaya, alhali dufondiyus ɗaya as biyu ne a daraja; tun zamanin Nero, kambi mai tsinkayen hasken rana a kan sarki ne ke yawan nuna dufondiyus.

Jabu kuwa, na taɓa biyan kuɗi mai tsoka a kan sastartiyus, wani babban sulen Rumawa, saboda hoto kawai. Da ya iso, sai ga layin haɗi a gefensa da ƙananan ƙuraje a fuska: zubi ne. Rumawa da guduma suke buga nasu. Yanzu sai mai sayarwa ya turo min hoton gefe da nauyi, domin sastartiyus na ƙarni na 1 yakan kai giram 25 zuwa 28.