Gwajin HbA1c a inda sikila ta yi yawa

A ɗakin gwajinmu ba na sa hannu a kan sakamakon HbA1c, gwajin ciwon sukari, sai na san jinotayif ɗin mai jinin. Gwajin yana auna sukarin da ya manne wa hemogulobin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma da yake ƙwayar kan rayu kimanin kwana 120, lambar tana nuna yadda sukari ya kasance wata biyu zuwa uku da suka wuce. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kashi 6.5 a matsayin ma'aunin tabbatar da ciwon sukari. Ba a buƙatar azumi. Mukan ɗebi jinin a kwalba mai murfi shunayya, mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, mu jujjuya ta a hankali don kada ya daskare, kuma yana kai mako a firiji.

Kwana 120 ɗin nan, a nan gizo ke saƙar. Ƙwayar jinin mai SS ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, balle ma ba shi da hemogulobin A, irin wanda gwajin yake aunawa, in ba ƙarin jini aka yi masa ba; lambar da na'ura za ta fitar ba abin dogaro ba ce. Mai AS ma akwai magana, ga shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne. Binciken da mujallar JAMA ta buga a 2017 kan baƙar fatan Amurka ya gano lambar masu AS takan sauka da kusan 0.3, ko da sukarinsu daidai yake da na mai AA. Ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, da ƙarin jini na kwanan nan su ma suna sauke lambar, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa ɗaga ta yake. Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwo ya koma gida da takarda mai cewa lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa masu bincike suka karkata ga gwajin furuktosamin da na albumin mai sukari, wato sukarin da ya manne wa furotin na ruwan jini, waɗanda ke nuna mako biyu zuwa uku ba tare da dogaro da ƙwayar jini ba. Kafin su wadatu a wurinmu, idan na yi shakka sai in nemi gwajin sukari bayan azumin awa takwas: 126 mg/dL ko sama alamar ciwon sukari ce, a maimaita wata rana. Jinin wannan gwajin a kwalba mai murfi ruwan toka, mai sinadarin fulorayid, ake zubawa, a raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa da wuri, domin idan ya zauna a kwalbar da ba ta da fulorayid, sukarin yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa.