Makonni shida ina auna laka a kogin Bayelva

Kogin Bayelva ɗan ƙarami ne, yana kusa da ɗan garin Ny-Ålesund a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, can ƙuryar arewacin duniya. Ruwansa narkakkiyar ƙanƙara ce daga Brøggerbreen, wani makeken tulin ƙanƙara, kuma yana zuba a cikin Kongsfjorden, wani reshen teku da ya shigo cikin ƙasa. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka wani abu ne ya zube a ciki, don ja yake jajir. Ashe ƙanƙarar ce ke niƙa jan dutsen da ke ƙarƙashinta har ya zama gari, ruwa ya kwaso.

Aikina bai da wuya a baki: in cika kwalba, in tace ruwan da takardar tacewa, in busar da ita, in ɗora a sikeli. Abokin aikina yana tsaye da bindiga yana gadi saboda farin beyar, wata babbar dabbar yankin ƙanƙara mai kai wa mutane hari, don a can ba a fita bayan gari hannu rabbana.

Makon farko kullum da safe nake ɗiba, tunda a watan Yuli rana ba ta faɗuwa, sai na ɗauka safe da yamma duk ɗaya ne. Nan na tafka kuskure. Ko da ba dare, rana tana yin sama tana yin ƙasa, ƙanƙara ta fi narkewa bayan ta take, kogin kuma sai can da yamma yake cika. Da na fara ɗiba kowace awa, takardar safe fara-fara take fitowa, ta yamma kuwa sai ta toshe kafin rabin kwalba ya wuce. Wani abin mamakin, lakar tana kai ƙololuwa kafin ruwan ya kai tasa: ruwan da ke tasowa shi ke share abin da ya kwanta, na bayansa sai ya tarar an riga an kwashe.

Tsakuwa ita kwalba ba ta kama ta. Sai dai ka ji tana ƙwas-ƙwas a ƙasan ruwa, tana bugun takalminka.

Na'urar auna gurɓacewar ruwa da muka kafa kuwa, bayan wani ruwan sama kogin ya sake hanya ya bar ta. Muka same ta a kan busasshen yashi, kwana biyu tana auna iska.