Autel: kalmar bagade a Faransanci

Masu koyon Faransanci, musamman 'yan makaranta a Nijar, sukan yi tuntuɓe a kalmar autel idan malami na yi musu shifta. A kunne kusan ɗaya take da hôtel, wato otal, alhali autel na nufin bagade: wurin miƙa hadaya, ko teburin da limamin coci ke tsayawa a gabansa lokacin ibada.

Asalinta Latin ne, altare. Mutanen dā sun danganta ta da altus, mai tsawo, domin bagade wuri ne da ake ɗagawa sama da ƙasa, wasu masana kuma suna kai ta ga adolere, ƙona hadaya. A tsohon Faransanci ana rubuta ta alter, sannan altel.

To ina harafin l na farko ya tafi? Nan ne daɗin abin. A Faransanci, l ɗin da ya zo kafin baƙi ya rikiɗe ya koma u. Haka kalmomin Latin alba ta zama aube, falsus ta zama faux, altel kuma ta zama autel. Ingilishi ya riƙe l ɗinsa a altar.

Ita kuwa hôtel daga kalmar Latin hospitale ta fito, masaukin baƙi, kuma 'yar hular da ke kan o alama ce ta s ɗin da ya ɓace. Dukansu maza ne a nahawu, saboda haka l'autel da l'hôtel sai jimla ta raba su. Idan ka ji maître-autel, babban bagaden coci ake nufi.