Kukan tayar baya bayan birkin hannu ya maƙale

Salam 'yan uwa 'yan koyo, ga inda aka kwana kan wata mota Hilux da aka kawo garajinmu. Mai ita ya ratsa ruwa da taɓo a hanyar Madarunfa, ya zo gida ya ja birkin hannu ya bar ta ajiye, da ya tashi tahiya ya saki birkin amma mota ta ƙi motsi, sai ya taka mai da ƙarhi har ta yi ƙas ta tashi. Tun daga nan tayar baya take kuka.

Shi mai motar garnitir sabbi, wato takalman birkin baya, kawai yake so a sa mai ya wuce. Maigidan garajin ya ce a'a, sai an gane mi ya hana birkin sakewa tukunna, in ba haka ba sabbin ma ƙonewa za su yi, jikkunansa sun tahi a banza.

Kahin mu taɓa kile sai da muka zaga da ita muna saurare. Wanga wurin ku riƙe shi da kyau. In ka taka birki kukan ya canza ko ya ɗauke, to matsalar tana cikin tambur, wato gangar ƙarhen da garnitir ke matsewa daga ciki. In kuwa gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, bai damu da birki ba, ka zargi rulma, wato zoben ƙarhen da taya ke juyawa a kanshi. Tamu shiii shiii take yi daidai da juyin taya, da an taka sai ya koma ƙara. Da muka tsaya na kai hannu kusa da jant, wato ƙarhen taya, na dama, zahi kamar tanda, na hagu kuwa lahiya lau. Kusa na ce hwa, kar wani ya dahwa ya ce ni na sa shi.

Muka sa duwatsu a tayun gaba, muka ɗaga baya da kirik muka tokare, taya ta dama da ƙyar take juyawa. Tambur ya ƙi hita, sai da muka sassauta reglaj, abin da ke daidaita tazarar garnitir da tambur, ta ramin baya da turnabis, sannan muka ɗaura bulon biyu a ramukan nan masu zare da ke huskar tambur ɗin, ana ɗaurewa kaɗan kaɗan nan da can har ya turo kanshi. Ban da bugun hauka da guduma, tambur yana tsagewa.

Ciki garnitir ya yi sulɓi yana ƙyalli saboda zahi, gefe ɗaya ma ya fara rabuwa da ƙarhenshi, shi ne ke gogar tambur. Rosor, wato naɗaɗɗen ƙarhen da ke jawo garnitir baya, ya saki. Amma mai laihin na waje ne, ɗan ƙarhen nan da kabul ɗin birkin hannu ke ja a bayan farantin da garnitir ke zaune a kai, tsatsa da taɓo sun cinye shi, ka ja birkin hannu ya tahi, ka saki ya ƙi dawowa. Da ba a leƙa bayan ba da mun rufe mun ce an gama. Mun cire shi mun goge da samfefa, muka sa giris, yanzu da yatsa ma yana kai da komo.

Ƙurar ciki kuma kar a hura da baki ko da iska, wasu garnitir akwai abin da ke lalata huhu a ciki, tsumma mai laima ya isa. Ni nakan ɗauki hoto da waya kahin in kwance rosor, kuma gefe ɗaya ake buɗewa a bar ɗayan ana dubawa.

Silandir da ke tura garnitir in an taka birki bai zubar da man birki ba, na ɗaga robar na duba a bushe take, man aksul ma bai ɗiga ciki ba. Garnitir za a canza duka dama da hagu, tare da rosor. Abin da ya rage tambur na dama ne, ya yi zane da ɗan shuɗi, gobe in Allah ya kai mu za mu auna cikinshi mu gwada da lambar iyakar faɗinshi da ke rubuce a jikinshi, in ya wuce ta ba maganar kai shi a gyara, sai dai wani.