Kostar katako ta fak ɗin Masar, yau dai tsananin ya sauko ƙasa da 10

Jama'a yau dai Allah ya yi, kostar katakon nan (jirgin wasa mai hawa da gangara a kan layi) da ta hana ni sakat a fak ɗina na Masar ta miƙa wuya. A makin da wasan ke ba kosta, gwajin ƙarshe ya ba ni daɗi 7.4, tsanani 8.6, tashin zuciya 4.9, wallahi sai da na tashi tsaye. A OpenRCT2 nake yi, wasan kwamfuta na gina fak ɗin shaƙatawa, da kayan ado na Masar da suka zo cikin RollerCoaster Tycoon 2 ɗin asali, dala da ginshiƙai da gumakan nan, ban kunna ko yaudara ɗaya ba.

Ga waɗanda ba su ga inda aka tsaya ba, tsarin shi ne sarƙa ta ja jirgin zuwa sama, ya gangaro ya shige rami ta ƙarƙashin dalar, ya ɓullo ta ɗaya gefen ya yi kwana ya dawo ta tsakanin ginshiƙan. A ido abun ya yi kyau ba kaɗan ba. Amma duk sanda na sa gwaji sai tsanani ya tsaya a 12 da ɗoriya, daɗi kuma 3 da 'yan kai, baƙi su zo bakin layi su leƙa su ce wannan ta fi ƙarfinsu su juya, ni kuma ga bashin banki yana ta cin ruwa.

Da farko na zargi gangarar farko, na rage mata tsayi, lambar ko gezau. Na cire tudu ɗaya a tsakiya, nan ma ɗan motsi kawai ta yi. Sai da na zauna na buɗe graf ɗin gwajin, na bar shafin gudu da na tsayi na koma na G na gefe, wato ƙarfin da ke jefa fasinja gefe a kwana, ina kallon layin yana tafiya lafiya lau har jirgin ya fito daga ramin, sai kawai ya yi wani tsalle guda ɗaya siriri kamar tsinke ya dawo. 2.9. A kwanar nan ce ta bakin rami, inda jirgin ke kan gudunsa mafi yawa a duk tafiyar.

To ga abun da ya sa 2.9 ta zama bala'i. Wasan ba a hankali yake hukunta G na gefe ba, yana da iyaka a 2.8, kana ƙetare ta ko da ƙiris ne sai ya lafta maka ƙari mai yawa a kan tsanani da tashin zuciya, in ka wuce 3.1 kuwa daɗin da G ke kawowa ma raba shi biyu yake yi. Sannan tsanani na kaiwa 10 sai a yanke kwata ɗin daɗin, a 11 a sake yankewa, a 12 a kuma. Kun ga kenan guntun layi ɗaya tal ne ya cinye min fiye da rabin daɗin kostar, sauran duk lafiyarsu ƙalau. Ni dai a ganina wannan lissafin akwai mugunta a ciki, amma haka aka gina shi.

Gano ta ma shi ne mai sauƙin. Kwanar ba ta da wajen faɗaɗawa, dama dala ce, hagu tafkin da na haƙa da hanyar baƙi, kuma na riga na kashe maƙudan kuɗi wajen ɗaga ƙasar da dalar ke kai, wanda duk ya taɓa ɗaga fili mai faɗi a wasan nan ya san yadda kuɗi ke zuba, ba zan rushe ba ko me za a yi. Na gwada kwana mai karkata, amma sai ta nemi guntun shiga da na fita, murabba'i biyu kenan da ba ni da su, wasan ya ce akwai abu a hanya. Na sa birki a cikin ramin, G ya faɗi kam, sai jirgin ya kasa hawa tudun ƙarshe ya dawo da baya ya tsaya a kwari yana lilo. Kai, ranar rufe kwamfutar na yi.

Abun da ya yi aiki a ƙarshe, na bar kwanar gaba ɗaya daga ƙasa. Jirgin na fitowa daga rami sai na ɗora shi kan tudu miƙe, ya hau ya zubar da gudunsa, a can saman inda ya kusa tsayawa na sa kwanar, sannan ya gangaro ta tsakanin ginshiƙan. G na gefe ya koma 1.6. Kuma tunda kwanar ta hau sama yanzu ta wuce ta kan hanyar baƙi, ƙafafun katakon sun jeru kusa da dalar, ya ma fi tsarin farko kyau nesa ba kusa ba.

Wani abu da ya ƙone min rai, na taɓa buɗe kostar ga baƙi tun farko, don haka duk guntun da na cire ba a dawo min da kuɗina cikakke ba. In kuna kan gwaji ku bar ta a gwaji kawai har lambobin su zauna.

Yanzu layi ya cika har ya fito hanya, jirgi ɗaya ba zai isa ba. Ina so in ƙara na biyu da birkin shinge (mai tsayar da jirgi har na gaba ya bar hanya) kafin tasha, damuwata kawai in jirgi ya tsaya cak a kansa ko zai iya ƙarasa ɗan hawan da ke gabansa, don a hankali yake sakin su. Wanda ya taɓa sa shi a irin wannan wajen ya faɗa min yadda ta kaya. Kujeru ma ban zuba a bakin fita ba tukuna, mai shara ɗaya ne a wajen yana ta fama da amai.